Buzu na Bakwai

Saura mako biyu Babbar Sallah Jawad ya taka fitsarin kare da safarsa, a ƙofar ɗakin baƙi na gidan uwarsa. Da ma tun daga birnin Fas ya taho da magana a bakinsa yana neman inda zai sauke ta, sai ga hujja ta same shi a tafin ƙafa.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya zare safar da yatsu biyu, ya duba buzun da ke shimfiɗe a ƙofar. Gashin ya kwanta, ya yi duhu daidai faɗin faranti.

"Ummi, mene ne wannan?"

Lalla Zhor ba ta ɗago ba. Tana zaune a tsakar gida tana saƙa maɓallan zare na jallabiya, sana'ar da ta shekara arba'in tana yi a garin Sefru, kuma ba ta taɓa ajiye allura don wani ya ɗaga murya ba.

"Shekara shida ka yi kana karatun magani, ɗan nan. In ba ka san fitsari ba, daga ina zan fara maka bayani?"

Mai laifin yana cikin kejinsa a gindin matakala, inda ta tura shi da ta ji ƙwanƙwasar ƙofa. Ya ɗora haɓa a kan ƙafafu yana kallonsu, kai ka ce bai san hawa ba bai san sauka ba. Zaitun ke nan, ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, wata huɗu da haihuwa, ƙafafunsa sun yi masa girma kamar ya aro na yayansa.

Jawad ya wanke ƙafarsa sau uku a famfo. Mai kantin magani ne, irin mutanen da ko hannu suka ba ka sai ka ga suna tunanin sabulu. Da ya gama ya zo ya tsaya a kan uwarsa.

"Bana iyayen matata Siham a nan za su yi Sallah. Surukina alhaji ne, kin san shi. A ina zai sa goshinsa a gidan nan?"

"A inda nake sa nawa. Ina da darduma mai tsarki a rataye."

"Ummi, ba wasa na zo yi ba. Ranar jajiberi zan kawo rago a mota. In na tarar da ɗigo ɗaya a gidan nan, motar da ta kawo ragon ita za ta mayar da karen nan can kan duwatsu, wurin wanda ya ba ki shi."

Sai a lokacin ta soke allurar a ƙirjin rigarta ta dube shi.

"A gidan wa?"

"A gidan Baba. Ni ma ina da rabo a ciki."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi mata ciwo, don a takarda rabonsa ya ninka nata nesa ba kusa ba. Ta kuma san zai aikata. Kwana arba'in da rasuwar mijinta Si Allal, wannan yaron ya hau saman soro ya kwashe tattabarun ubansa duka talatin ya bayar, wai ƙurarsu ba ta dace da ƙirjinta ba. Ranar ba ta ce komai ba, tana cikin fararen kayan takaba, bakinta ya mutu. Har yau in ta tuna shirun da ta yi sai ta ji haushin kanta.

Wannan karon ta ce, "Sai ka zo." Ta zare allurarta ta ci gaba da saƙa.

Abin da ta gaya wa mutane shi ne ta ɗauki kare don gadi, tunda ɓarayi sun taɓa dirowa gidan maƙwabta ta saman soro. Ba wanda ya yi musu, ko da yake ɓarawon da Zaitun zai kora sai dai in ɓera ne. Ainihin maganar daban take. Lalla Zhor ta cire kayan takaba a kan lokaci, amma shekara biyu ba ta fita daga takabar ba. Mai karɓar maɓallai har gida take zuwa, burodi maƙwabciya ke ɗauko mata, wani lokaci sai ta kwana uku ba ta ji muryar kanta ba. Rannan dai zarenta ya ƙare, dole ta fita kasuwar Alhamis, a can ta haɗu da Haddu, makiyayin da Si Allal ke sayen ragon layya a wurinsa duk shekara. Yana da 'yan kwikwiyo uku a kwando. Ɗaya ya kama bakin mayafinta ya ƙi saki. Shi ne abu na farko da ya riƙe ta tun da aka fita da gawar mijinta, kuma shi ne abu na farko da ta zaɓa da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Tana son sa, ba ta kuma jin kunyar hakan.

Likitar dabbobin da ta yi masa allura ita ta ba ta kejin, ta kuma yi mata karatu dalla-dalla. Kare ba ya ɓata makwancinsa. In ya tashi daga barci a fita da shi, in ya ci a fita da shi, in ya yi a waje a yaba masa, in ya yi a ciki kar a doke shi. Lalla Zhor ta bi karatun nan kamar mai bin liman. Ɓangaren keji kuwa ko malami sai haka: cikin mako guda Zaitun ya san ɗakinsa, yana shiga da kansa, bai taɓa ɗiga ko ɗigo a ciki ba.

Matsalar tana wajen keji. Sau shida a rana take ɗaura masa igiya su fita lungu. Ya shinshina kowane dutse, ya gaida kowace kyanwa, ya tsaya kallon jakin mai kayan miya, amma fitsari ko alama. Sai sun dawo gida, ta juya baya za ta ɗora shayi, ta waiwayo ta ga aikin gama ya gama. Yau ƙofar ɗakin baƙi, gobe gaban gadonta, jibi gindin taga. Ta wanke da sabulu, ta wanke da ruwan tsami na khal, har fatar hannunta ta fara tsagewa.

Lalla Batul, maƙwabciyarta ta shekara talatin, takan leƙo ta katangar saman soro duk sanda ta ga an shanya buzu.

"'Yar uwa, yau ma butar taki ta yi yoyo?"

"Ta yi. Taki bakin fa, an samu murfinsa?"

"Ni dai shawara ce. Mace da shekarunki, da ɗanki likita, ki koma wankin fitsarin kare. Ki ba su abinsu ki huta."

"Hutun na gwada shi shekara biyu, Batul. Bai karɓe ni ba."

Bakinta dai bai mutu ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Kwana huɗu bayan tafiyar Jawad ba abin da ya canza, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ranar Alhamis ta rufe Zaitun a keji, ta yafa mayafi ta nufi kasuwa.

Ta tarar da Haddu a tsakiyar ragunansa, ana ta cinikin Sallah. Da ya gan ta ya bar mai saye a tsaye ya taho, ya dafa ƙirji.

"Lalla Zhor, marhaba. Ina ɗan namu? Ya fara cin mutane?"

"Ya fara cin raina, Si Haddu." Ta kwashe labari ta gaya masa, har da maganar mota.

Haddu ya sosa gemu. "A kan me yake yi?"

"Na gaya maka, ko'ina. Ƙofar ɗaki, gaban gado, gindin taga."

"Ban ce a ina ba, Lalla. A kan me? Tayil ne, ko tabarma, ko me?"

Ta buɗe baki za ta ce ko'ina, sai maganar ta tsaya. Ta bi gidan ɗaki-ɗaki a zuci. Ƙofar ɗakin baƙi akwai buzu. Gaban gado akwai buzu. Gindin taga, buzu. Kicin, inda babu buzu, bai taɓa yi ba. Matakala ma haka.

"A kan buzu," ta ce a hankali.

Haddu ya yi dariya har sai da rawaninsa ya karkace.

"To ai yaron ba shi da laifi, ladabi ne ya yi masa yawa. Cikin ƙanƙara aka haife su, sanyin da ko uwarsu ba ta son fita. Matata ta sa su a ɗakin tumaki, kwandon kwana a gefe guda, tsofaffin fatu a ɗaya gefen don su tsotse ruwa. Tun idonsa bai gama buɗewa ba yake rarrafowa daga kwando ya je kan fata ya yi. Shi a saninsa, in ƙafa ta ji gashin tunkiya, an iso bayan gida. Nawa ne a gidan naki?"

"Bakwai."

"Bayan gida bakwai kika shimfiɗa masa, Lalla, sannan kina jan sa kan dutse kina cewa ya yi. Ai matsewa yake don kar ya ba ki kunya a titi."

Ta ji dariya ta taso mata, ta ji kuma kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Duk buzun da ya jiƙa sai ta kai soro ta shanya, sannan ta jawo wani ta rufe gurbin, don ba ta iya ganin wurin tsirara. Wata biyu tana yi wa kanta aiki da hannunta.

"Yanzu ya za a yi?"

"Ki naɗe su duka ki ɓoye. Ki ware ɗaya, wanda ya fi yawan ɓatawa, don ko kin wanke shi hancinsa yana ji. Ki kai masa waje ki shimfiɗa a ƙasa. Kullum ki rage shi da almakashi, kaɗan-kaɗan, har ya wayi gari ƙafarsa a kan ƙasa bai sani ba. Haka muke raba ɗan rago da nono, ba a yi rana ɗaya."

Ta yi godiya ta juyo. Tun kafin ta fita daga kasuwar ta san wanda za a yanka, shi ya sa ƙafarta ta yi nauyi.

Buzun nan bakwai duk aikin hannun Si Allal ne. Wasu mazan in sun yanka layya sai su miƙa wa masu karɓar fata, shi kuwa a'a. Da kansa yake shafe ta da gishiri a saman soro, ya kankare, ya kai kogi ya wanke, ya zauna yana taje gashin da matajinta, suna faɗa a kan matajin duk shekara. Da yawa ya kyautar, bakwai suka rage. Na bakwai shi ne na ragonsa na ƙarshe, fari mai jan tabo a kafaɗa, yana shimfiɗe a gindin taga. Da gwiwoyinsa suka hana shi zuwa masallaci a kansa yake salla, har gashin wajen wuya ya siɗe daidai inda goshinsa ke sauka. Kuma duk cikin bakwai ɗin shi Zaitun ya fi so, don shi ya fi laushi.

Ta dawo gida ta naɗe shida ta kai ɗakin soro. Ta zauna a gaban na bakwai da babban almakashinta a cinya, ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta ji kamar za ta yi wa mutumin laifin da ba zai iya tashi ya rama ba. Can sai ta tuna yadda yake cewa in tana ɓoye kwanukan baƙi a kabad, abin da ba a amfani da shi ai na ƙura ne.

"Kai ka faɗa, Si Allal," ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a ɗaki.

Wajen wuyan, inda goshin ya siɗe, yana manne da bango, karen bai taɓa kaiwa can ba. Nan ta fara yankewa. Ta wanke guntun duk da haka, ta shanya, da ya bushe ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a ƙasan akwatin zarenta. Sauran ta saɓa a kafaɗa, ta ɗaura wa Zaitun igiya.

Lungunsu ba ya ɓoye sirri. Mai gidan burodi ya leƙo daga bakin tanda, fuska duk gari.

"Lalla Zhor, ina zuwa da buzu? Karen ne ya fara salla?"

"Ya fara. Ina jiran ranar da kai ma za ka fara."

Masu jiran burodi suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya koma ciki. Ta wuce kanta a sama, ta fita ta ƙofar ganuwa zuwa wani fili inda ake zubar da ɓaraguzan gini, ta shimfiɗa buzun mijinta a gindin wani ɓaure. Zaitun ya taka, ya shinshina, ya juya sau ɗaya, ya tsuguna. Ta kawar da kai har ya gama. Sannan ta durƙusa ta shafa kansa, ta ba shi ɗan busasshen nama daga aljihu, tana ce masa madalla, madalla.

Kwana tara suka rage mata kafin jajiberi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta tsara ranarta kamar soja. Daga keji sai ɓaure, daga ɓaure sai gida. In tana aiki ta ɗaura igiyarsa a ƙugunta don kar ya ɓace mata daga ido. Kowace safiya bayan ta idar da salla ta yanke faɗin tafin hannu daga buzun, ta tona rami a gindin ɓauren ta binne. Maɓallai suka tsaya, mai karɓa ta zo ta koma hannu biyu tana ƙunƙuni.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Rana ta huɗu rigar sanyinta ta ulu ta zamo daga kan kujera, kafin ta ankara Zaitun ya same ta. Lalla Zhor ta cire silifa ta ɗaga sama. Ya kwantar da kunne ya dube ta, shi a ganinsa ya yi abin kirki, har yana jiran nama. Ta tsaya da silifar a sama har hannunta ya gaji, sannan ta mayar ƙafa.

"Laifina ne," ta ce masa. "Amma kai ma ba ka da kunya."

Rana ta shida buzun ya koma kamar murfin tukunya, ƙafafunsa na baya ne kawai ke samun wuri, na gaba suna kan ƙasa. Batul ta daina tsokana ta koma nasiha, wadda ta fi tsokanar ciwo.

"Wallahi in Jawad ya ji kin yanka buzun ubansa saboda kare, sai an ji ku a Fas."

"Zai ji kuwa, tunda ke kin sani."

Ranar jajiberi da la'asar a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu. Jawad ya shigo yana jan rago da ƙaho, ya ce wa direban ya jira, wataƙila akwai kayan komawa. Matarsa da iyayenta sai da safe za su iso. Ya gaida uwarsa a tsaitsaye, ya cire takalmi, ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da fararen safa, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Tayil a bushe, gida sai ƙanshin sabulu. Zaitun yana barci a keji.

Ya ja ragon ya hau soro don ya ɗaure shi. Lalla Zhor ta ji muryar Batul ta katanga, ƙasa-ƙasa, sannan ta ji an buɗe ɗakin soro. Da ya sauko yana rungume da buzu ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Shida na gani. Ina na gindin taga?"

Ta sa hannu a aljihu ta fito da wata 'yar leda a ƙulle. Abin da ke ciki bai fi tafin hannun jariri ba.

"Ga abin da ya rage."

"Ashe gaskiya ne." Ya dubi ledar. "Buzun da Baba ya yi sallarsa ta ƙarshe a kai. Kika kai shi juji, kare yana yi masa fitsari, duk unguwa tana kallo."

"Ni na kai shi. Da almakashina na yanka."

"Kuma ki ce min ya koyu? Kin kwashe shimfiɗa ne kawai, Ummi. Gobe baƙi za su zauna a kan tayil kamar a asibiti?" Ya warware buzun da ke hannunsa ya shimfiɗa a tsakiyar tsakar gida. "Bari mu gani."

Kafin ta yi magana ya zare sakatar keji.

Lokaci mafi muni ya zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba, don kwikwiyon da ya tashi daga barci mararsa a cike take. Zaitun ya fito ya yi miƙa, ya yi hamma. Ƙafarsa ta gaba ta sauka a kan gashin, sai ya tsaya cak. Ya sunkuyar da hanci. Ya hau da ƙafa huɗu.

Kalma ɗaya za ta ce ya taho wurinta, kalmar tana kan harshenta. Ta haɗiye ta. Ba don Jawad ba, ita ma tana son ta sani. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun lokacin da mijinta ke kwance a asibiti.

Zaitun ya juya sau ɗaya a kan buzun. Ya ɗan rage tsawo. Sai ya ɗago ya dube ta, ya dubi ledar da ke hannunta, ya sauka, ya tafi bakin ƙofa da ɗan gudunsa na mai manyan ƙafafu, ya sa farce yana karta yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ba ta ko kalli ɗanta ba. Ta ɗauki igiya ta buɗe ƙofa. Suna tafe ta ji takunsa a bayansu, ya sa takalmi ko ɗaurewa bai yi ba. Suka wuce gidan burodi, suka wuce a-kori-kura, suka fita ganuwa.

A gindin ɓaure Jawad ya harɗe hannu.

"To shimfiɗa masa mana. In gani da idona."

Ta riga ta fara kwance ledar. Jin haka sai ta ƙulle ta, ta mayar aljihu. Zaitun ya dube ta, ya zagaya, ya dawo ya dafa gwiwarta, ya yi kuka. Ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ya sake zagayawa, ya shinshina inda ta binne guntayen, ya juya sau ɗaya, ya tsuguna a kan jar ƙasa. Ya daɗe yana yi. Ta ba shi nama biyu maimakon ɗaya.

Jawad ya ce, "Yau ya yi. Gobe fa, gida cike da mutane?"

"Gobe yana iya ɓatawa. Jariri ne. Kai sai da ka shekara biyar kana jiƙa mana buzu, ubanka yana ɗauka ya kai kogi da sassafe don kar maƙwabta su gani a shanya. Ba wanda ya kira maka mota."

"Ummi."

"Ban gama ba. Kar ka ɗauka don ya ci jarrabawarka zai zauna. Da ya jiƙa buzun nan a gabanka, da na wanke, kuma da yana nan. Ka kwashe tattabaru na yi shiru, har yau ina jin kukansu in na hau soro. Wannan ba za ka ɗauka ba. In rabonka kake so, kawo mai awo ya ja layi a tsakar gida, ni da shi mu zauna a namu gefen."

Ta juya ta kama hanya. Da ta iso bakin lungu ta tsaya a gefen a-kori-kura, ta buga ƙarfen motar sau biyu da tafin hannu.

"Tafi abinka, ɗana, babu kayan komawa. Allah ya maimaita mana."

Direban ya leƙa ya dubi Jawad. Jawad ya kawar da kai, sai direban ya tayar da mota.

A gida ta mayar da Zaitun keji, ta wanke hannu, ta jawo akwatin zarenta. Ta fito da farin ƙyallen ta miƙa wa ɗanta, wanda ke tsaye a tsakar gida kamar baƙo.

"Ga rabonka. Wannan na fara cirewa, ba abin da ya taɓa shi. Nawa rabon na kashe shi a kan mai numfashi."

Ya warware. Guntun fata ne fari, tsakiyarsa a siɗe, santsi kamar tafin hannu. Bai tambayi ko mene ne ba. Ya sa babban yatsa a wurin, ya daɗe, sannan ya zauna a kan matakala ya kifa goshinsa a kai, kafaɗunsa suna motsi. Lalla Zhor ta bar shi. Ita ma idonta ya cika, amma ta riga ta yi nata kukan kwana tara da suka wuce, kuma akwai albasar gobe da ba a yanka ba.

Ta ɗora shayi. Da ya tafasa ta leƙo daga kicin.

"In ka gama, naɗe buzun nan ka mayar soro kafin ya canza shawara. Ka sauko da darduma uku, surukinka ya zaɓa."